Matsin boris ɗin finiyan bayan canza giyar aksil: tambayoyi da amsoshi

Mota takan shigo gareji da ƙafarta, a canza mata kiraun (babbar giyar da ke cikin aksil) da finiyan (ƙaramar giyar da ke juya ta), ta fita lafiya lau, bayan mako biyu ta dawo tana kuka daga baya. Mai mota ya ce kayan jabu aka sa masa, mai sayar da kaya ya ce makaniki ne bai iya ba, makaniki kuma ya ɗora wa man giya laifin. Idan aka sauke kan aksil ɗin aka duba, sau da yawa wuri ɗaya ake samun laifin: ba a auna matsin boris ɗin finiyan ba, hannu kawai aka bi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne yaran gareji da masu akori-kura suka fi yi mini. Da aksil ɗin bayan Toyota Hilux mai kiraun inci 8 zan riƙa misali, irin wanda ake zare kansa gaba ɗaya a ɗora a benci, don shi ya fi yawa a hannunmu.

Oga, mene ne ma wannan matsin boris ɗin?

Finiyan, wato ƙaramar giyar da farfela ke juyawa, a kan boris biyu yake zaune. 'Ya'yan boris ɗin dogaye ne, gefe guda ya fi kauri, kowanne yana kwance cikin kofinsa, su biyun suna fuskantar juna. Idan ka ɗaure notin filanji, wato faifan ƙarfen da ke bakin finiyan inda ake ɗaura farfela, kana jawo su ne su matse cikin kofunan. Wannan 'yar matsewar da ake ba su tun kafin mota ta ɗauki kaya, ita ce ake nufi.

Dalilinta a haƙoran yake. Haƙoran kiraun da finiyan a karkace aka yanka su, saboda haka idan ka taka totur finiyan yana son ya ture kansa gaba, ya bar kiraun, idan ka ɗaga ƙafa kuma kiraun ya jawo shi ciki. Duk tafiya haka yake yi, turawa da ja. In boris ɗin na da ko 'yar ƙanƙanuwar wasa, finiyan zai riƙa motsi, haƙora su daina haɗuwa inda aka saita su. In kuma matsin ya yi yawa, mai ba ya samun shiga tsakanin 'ya'yan boris da kofi, zafi ya taru, ƙarfen ya ƙone.

To ai ɗaurin noti ne kenan. In na ɗaure shi da ƙarfin da littafi ya ce, ba shi kenan ba?

A nan mutane da yawa ke ɓata aiki, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Abu biyu ne daban. Ƙarfin ɗaure noti babban adadi ne: a littafin gyaran wannan aksil, ana farawa daga Nm 196 (Nm shi ne newton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗawa), iyakarsa Nm 343. Shi kuwa matsin boris, da ƙarfin da ake buƙata a juya finiyan ake gane shi, kuma bai wuce Nm 2 da 'yan kai ba. Na farko ya ninka na biyu kusan sau ɗari ko fiye.

Abin da ke tsakaninsu ita ce sifesa, wani ɗan bututun ƙarfe mai kumburi a tsakiya da ke zaune tsakanin boris biyun. An yi ta ne don ta lotse. Kana ɗaure noti, yawancin ƙarfinka a kanta yake ƙarewa, tana gajarcewa kaɗan-kaɗan, boris ɗin suna matsowa kusa da juna. Sai ta lotse daidai gwargwado sannan boris ɗin su fara jin matsi. Ita ce kuma ke tokare notin ta baya don kada ya kwance. Ke nan sifesa biyu sababbi, ɗaya za ta iya kai ka ga matsin da ake so a Nm 220, ɗayar sai ka kusa 300. Wanda ya tsaya a lamba ɗaya kullum, wata rana zai bar boris a sake, wata rana ya shaƙe shi. Noti hanya ce kawai. Abin da ake nema yana wurin juyin finiyan.

Nawa ne adadin da ya kamata in samu?

Ga Hilux mai aksil inci 8 na shekarun 1980 da 1990, littafin Toyota ya ba da kilogiram-santimita 19 zuwa 26 idan boris sabo ne, 9 zuwa 13 idan wanda ya riga ya yi aiki ne aka mayar. Tsoho ya riga ya goge ya zauna, shi ya sa adadinsa ya yi ƙasa. Ka ba shi na sabo, ka ƙone shi. Ana auna wannan ne finiyan shi kaɗai, kiraun ba ya taɓa shi. Bayan an sa kiraun da boris ɗinsa na gefe an saita su, jimillar takan ƙaru da 4 zuwa 6.

A lura da wani bambanci. Toyota ƙarfin da ke tayar da juyin take aunawa, wato daidai lokacin da finiyan ya fara motsi. Masu ƙera motocin Amurka kuwa sukan ba da adadin ne yayin da yake cikin juyawa. Aksil ɗin Ford mai inci 8.8, na F-150, adadinsa fam-inci 16 zuwa 29 ga sabon boris, 8 zuwa 14 ga tsoho. Hilux Vigo da ta fito a 2004 da Revo ta 2015 kowacce da littafinta, kada ka ɗauki lambar tsohuwar mota ka ɗora musu.

Ba ni da ƙaramin sifanan nan mai allura da ake auna ƙarfin juyi da shi. Yaya zan yi?

Babban sifanan ɗauri mai yin ƙara idan ya kai adadi ba zai yi maka wannan aikin ba, ba ya jin ƙarfi ƙanƙane haka. In kana da halin sayen ƙaramin mai allura, saya, zai biya kuɗinsa a aiki biyu. In babu, akwai hanyar da ba ta da tsada, kuma lissafinta na gaskiya ne.

Nemi sikelin rataye ƙarami, irin wanda ake auna jakar tafiya da shi, mai nuna giram. Samu ɗan falalen ƙarfe mara nauyi ka ɗaure shi a filanji, ka huda rami nisan santimita 10 daidai daga tsakiyar finiyan. Kafa kan aksil ɗin a tsaye, filanji na kallon sama, don nauyin ƙarfen kada ya shiga lissafi. Maƙala ƙugiyar sikelin a ramin, ka ja a hankali ta gefe, igiyar da ƙarfen su yi kusurwa kamar ta bango da ƙasa. Ka zuba ido ga lambar da ta nuna daidai lokacin da filanji ya motsa. Da yake kilogiram-santimita nauyi ne sau nisa, 19 zuwa 26 a nisan santimita 10 ya zama kilo 1.9 zuwa 2.6. Na tsohon boris kuma giram 900 zuwa kilo 1.3.

Kafin kowane awo, boris ya sha man giya, ka juya filanji sau goma ko fiye, hagu da dama. Busasshen boris ƙarya yake faɗa. Ka auna sau uku a wurare daban-daban na zagayen. Masu cewa hannunsu ya san daidai, ina girmama shekarunsu, amma na sha gwada hannu da sikeli a gaban mai hannun, tazarar takan yi yawa. Yatsa ba ya bambance kilo ɗaya da rabi da kilo uku bayan ya wuni yana ja da dogon sifana.

Na ɗaure har na rataya a jikin bututun da na ƙara wa sifana tsawo da shi, amma finiyan yana wasa gaba da baya. Me ya faru?

Yawanci sifesar ce ba ta fara lotsewa ba. Fara lotsa sabuwa shi ne wuri mafi wuya a aikin. Kana buƙatar ƙarfen riƙe filanji mai tsawo da ya tokare da benci, da dogon hannu a kan soket. Shafa ɗan man giya a zaren noti da fuskar washarsa, don ƙarfinka kada ya ƙare a gogayya.

Abin kiyayewa shi ne, da zarar wasan ya ɓace, saura ƙiris. Daga nan littafi cewa ya yi a ƙara Nm 13 kawai a kowane mataki, a tsaya, a juya, a auna. A aikace motsin notin bai fi kaurin farce biyu ba a bakin soket. Daga babu matsi zuwa ya wuce kima, wani lokaci ko kashi ɗaya cikin takwas na zagaye bai cika ba.

In ka kai Nm 343 wasan bai tafi ba, tsaya. Kwance ka duba. Ko sifesar ta fi ta motar tsawo, don ana sayar da masu kama da juna, ko zaren noti ya ƙare kafin ya danne filanji, ko filanjin ya cije a kan haƙoran sandar finiyan saboda tsatsa. Ajiye tsohuwar sifesa kusa da sabuwar: sabuwar ta ɗara ta da kaɗan ne kawai, ba da rabin yatsa ba.

Na ɗan wuce adadin. In sassauta notin kaɗan mana?

A'a. Sifesar da ta lotse ba ta miƙewa. Kana sassautawa sikeli zai nuna maka lamba mai kyau, ranka ya yi daɗi, amma yanzu babu abin da ke tokare notin daga ciki. Boris ɗin kaɗai yake dannawa, da ƙarfi kaɗan. Kwana nawa ne a kan hanya mai gargada ya saki. Littafin Toyota ya faɗa ƙarara cewa kada a mayar da noti baya don rage matsi, a canza sifesa a sake daga farko. Shi ya sa duk ranar da zan yi wannan aiki, sifesa biyu nake aika yaro ya sayo. Kuɗinta bai kai na man da za a zuba ba.

Tsohuwar sifesa fa, ko in bubbuga ta ta miƙe?

Kada ka yi. Ƙarfen ya riga ya gaji a wurin kumburin, zai lotse tun noti bai kai ƙarfin da zai riƙe kansa ba. Noti ma sabo ake sawa, a kuma dake bakinsa cikin tsagin sandar bayan an gama awo.

Na auna daidai, na rufe, bayan kwana kaɗan filanji yana girgiɗi. Ina matsin ya tafi?

Wannan ta taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina jin ciwonta. Wata Hilux ce mai ɗaukar buhunan albasa, na canza mata komai sabo, sikeli ya nuna kilo 2.2, na sallami mai ita da kwanciyar hankali. Kwana tara ya dawo, mai ya jiƙe bayan aksil, ƙura ta manne a kai ta zama laka. Na kama filanji na girgiza, sai ƙwas-ƙwas. Da na fitar da kofin boris na ciki na haska tocila, sai ga wani ɗan tsinin ƙarfe a kafaɗar mazauninsa, inda kurfi ya caka lokacin da ake fitar da tsohon kofi. Bai kai ƙwayar gero ba. A kansa sabon kofin ya zauna. Da mota ta ɗauki kaya, tsinin ya baje, kofi ya ƙarasa shiga, matsin duka ya tafi. Na goge wurin da ƙaramin fayil, na sake sabon boris da sifesa da sil, wato robar da ke hana mai yoyo, daga aljihuna.

Tun daga ranar, kafin in sa kofi sai na bi kafaɗar da farce. Bayan na buga shi, ina sauraron ƙarar: idan ya kai ƙarshe, sautin guduma yakan canza ya yi tauri. Sai in gwada zura siririn ma'aunin rata a bayansa ta ko'ina; in ya shiga, bai zauna ba. Bayan matsin ya fara kamawa kuma, ina ɗan bugun finiyan da gudumar roba ta kai da ta gindi, in juya, in sake aunawa. In lambar ta sauka, wani abu ne ya ƙarasa zama, gara ya zauna a benci.

Sauran masu jawo haka su ne boris na ciki da ba a danna shi ya kai ga washar da ke saita zurfin finiyan ba, da datti a ƙarƙashin washar, da noti da ba a dake ba.

Lambar tana tsalle, wuri ya yi tauri wuri ya yi laushi.

Juyin ya kamata ya zama sumul. In yana cijewa, ko yashi ya shiga, wanda a lokacin hunturu ba abin mamaki ba ne a garejin da ke fili, ko kofi ya shiga a karkace, ko an ji wa boris rauni. Bindigar iska ita ce kan gaba wajen wannan rauni: bugunta yana sa 'ya'yan boris su bar ƙananan tabo a jikin kofi, kuma ba ta san inda za ta tsaya ba. Yi amfani da ita wajen kwancewa in kana so. Wajen ɗaurin ƙarshe, hannu. A wanke komai da kananzir, a rufe da tsumma mai tsabta duk lokacin da aka tashi cin abinci ko salla.

Kukan da nake ji, ta yaya zan san na matsi ne ko na haƙora?

Hau titi mai kyau, ka kai gudun da kukan ya fi fitowa, ka riƙa taka totur kana ɗagawa. Kukan da ke zuwa idan ka ɗaga ƙafa, ya ɓace idan ka taka, ya fi nuna boris ɗin finiyan ya saki, don a lokacin ne kiraun ke jawo shi ciki. Wanda ke zuwa idan ka taka kawai ya fi karkata ga zurfin finiyan, wato yadda ya shiga jikin kiraun, ko ratar da ke tsakanin haƙoransu. Gurnani mai bin gudun mota ko ka taka ko ka ɗaga, boris ne ya lalace. Wanda ke canzawa idan ka karya kwana kuwa, duba boris ɗin taya kafin ka zargi aikinka.

Alamu ne, ba hukunci ba. Tabbaci sai an sauke farfela an kama filanji. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan, sama da ƙasa ko ciki da waje.

Wanne ake fara saitawa, matsi ko zurfi ko rata?

A gwajin farko ba a sa sifesa, ba a sa sil. Sa washar zurfi a ƙarƙashin boris na ciki, ka haɗa, ka ɗaure tsohon noti a hankali har sikeli ya nuna matsin da ake so. Da yake babu sifesa, da ɗan ƙarfi kaɗan zai kai, sai a kula. Sannan ka sa kiraun, ka saita ratar haƙora da notocin gefe zuwa milimita 0.13 zuwa 0.18, ka shafa fentin gwaji a haƙora ka duba inda suke haɗuwa. In tabon bai zauna a tsakiyar haƙori ba, canza washa ka maimaita. Sai komai ya yi sannan sabuwar sifesa da sil da sabon noti su shiga, sau ɗaya.

Duba tabon haƙora alhali finiyan na wasa ɓata fenti ne, domin ba wurin da zai zauna a kan hanya yake nuna maka ba. Ka kuma tuna sabon sil yana ƙara ɗan nauyi a juyi, shafa wa leɓensa giris kafin ka sa filanji.

Ana cewa sifesa mara lotsewa ta fi. Gaskiya ne?

Ga motar da ke shan kaya da ramuka, ina ganin ta fi. Bututu ne mai kauri da ake haɗawa da siraran washoshi. Ka rage kauri matsi ya ƙaru, ka ƙara ya ragu, noti kuma a ɗaure shi da cikakken ƙarfinsa kowane lokaci. Tsofaffin aksil ɗin Amurka irin Dana 44 da Dana 60 da washoshi aka yi su tun asali. Amfaninta, duka daga farfela ba ya ƙara lotsa ta, kuma za ka iya canza sil gobe ba tare da matsi ya canza ba. Wahalarta, sai ka haɗa ka kwance sau uku ko huɗu, kuma bambancin milimita 0.03 a washa yana motsa sikeli sosai. Wanda ba shi da ma'aunin kauri mai kyau, ya zauna a kan mai lotsewa.

Sil kawai ke yoyo. Dole sai na sauke komai?

Ka fara tambayar me ya sa yake yoyo. In filanji na wasa, sabon sil ba zai yi wata guda ba. Duba kuma ɗan hancin numfashi da ke saman aksil. In laka ta toshe shi, iska mai zafi ta rasa mafita, ta sil take turo mai. In duk lafiya, hanyar littafi ita ce a sa sabuwar sifesa a sake awo. A gareji da yawa akan yi wa noti da sanda da filanji alama, a ƙirga zaren da ya fito, a mayar daidai wurin a ɗara da ƙiris. Tana yi idan an kula, amma a auna juyin kafin a kwance da bayan an ɗaure, tayoyi da gangunan burki a cire.

Na sa manyan tayoyi, shi ya sa nake son canza giyar. Akwai abin da zan sani kafin in saya?

Lissafin ba wuya. Motar da ta zo da 4.10 a kan taya inci 29, in ta koma inci 33, ka ninka 4.10 da 33 ka raba da 29, zai ba ka kusan 4.67, wato tsakanin 4.56 da 4.88. Ƙirga haƙoran da kanka a shago, ko a Ƙofar Ruwa kake ko a Panteka: 41 da 10 shi ne 4.10, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 shi ne 4.88, 37 da 7 shi ne 5.29. Kiraun da finiyan tare aka goge su a masana'anta, ba a auren na wannan da na wancan. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya dole su zama lamba ɗaya.

Bayan an gama, aksil ɗin yana zafi. Matsin ne ya yi yawa?

Sabuwar giya takan yi zafi a kwanakin farko, haƙora na goge juna. Masu ƙera giyar canji sukan ce a yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a tsaya ya huce, a maimaita haka sau biyu ko uku, kada a ɗora kaya mai nauyi ko a ja wata mota sai an cika kilomita 800, sannan a zubar da man a zuba sabo. Man ya zama na giyar aksil mai lambar GL-5. In aksil ɗin mai kulle kansa ne da faifai, akwai nasa man daban.

Wurin zafin ne zai gaya maka. In duk jikin ya ɗumama bai ɗaya, aiki ne yake yi. In wuyan da finiyan yake ya fi ko'ina zafi nesa ba kusa ba bayan 'yar gajeriyar tafiya babu kaya, har kana jin ƙaurin mai, kada ka ci gaba da tafiya, a sauke a auna. Ranar canjin man farko, tara shi a kwano mai tsabta ka kalli maganaɗisun da ke jikin notin zubarwa. Laushin baƙin gari kamar kwalli ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kake ji a tsakanin yatsu, daga boris ko haƙora ya fito, a buɗe tun kiraun bai tafi ba. In man ya yi fari kamar koko, ruwa ya sha a wani rafi da damina, a canza shi, a kuma ɗaura wa hancin numfashin siririn tiyo a kai bakinsa sama can ƙarƙashin bodi.